Serif: Kamfanin Nottingham da Kundin Hotunansa na Kwamfuta

Jama'a, kun tuna albam ɗin da ake ajiyewa a ƙasan akwati, hoton biki nan, hoton suna can? To, a Ingila da Amurka akwai masu ɗaukar abin nan da muhimmanci sosai, galibi mata. Sukan liƙa hoto a takarda mai launi, su kewaye shi da kirtani da maɓalli da busassun furanni, su rubuta ranar da abin da ya faru a gefe. Da kyamarar dijital ta yawaita, hotuna suka koma cikin kwamfuta, almakashi da gam suka rasa aikin yi. Nan wani ƙaramin kamfani ya hango kasuwa.

Sunansa Serif, an kafa shi a birnin Nottingham a 1987. Abin da ya fara yin suna da shi shi ne PagePlus, manhajar tsara shafin bugu mai araha ga masu Windows, a zamanin da irin wannan aiki sai mai hali. Daga baya DrawPlus ta zo ta zane, PhotoPlus ta gyaran hoto.

Wajen ƙarshen shekarun 2000 suka fito da Digital Scrapbook Artist, wadda daga baya ta zama CraftArtist. Ka jawo hoto da linzami, ka ajiye a shafi, ka yanka gefensa da almakashin bogi, har inuwa take sawa ƙarƙashin kirtanin don ya yi kamar da hannu aka liƙa. Amma dabarar kasuwancin tana wani wuri. Sun buɗe shafin intanet mai suna DaisyTrail, inda ake sayar da kunshin kayan ado: na Kirsimeti, na haihuwa, na aure. Manhaja sau ɗaya ake saye, kunshi kuwa kowane biki da nasa. Masu amfani suna ɗora ayyukansu a can, ana yaba wa juna, wasu har zumunci suka ƙulla.

Sai iska ta juya. A 2013 Adobe, babban kamfanin manhajojin zane da gyaran hoto, ta koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, ƙwararrun masu zane da yawa suka ji haushi. Serif ta ga ƙofa a buɗe. Ta riga ta fara gina sabbin manhajoji daga tushe, ba a kan tsohon ginin ba: Affinity Designer a 2014, Affinity Photo a 2015, Affinity Publisher a 2019. A lokacin, biya ɗaya, abu ya zama naka.

A gaskiya, ta fuskar kasuwa sun yi daidai. Amma wa ya biya farashin? Masu kundin nan. An daina sabunta tsofaffin manhajoji, CraftArtist ma ta bi sahu, kuma Affinity, duk ƙarfinta, ba a yi ta don kakar da ke son shirya hotunan jikoki cikin rabin awa ba.

A watan Maris na 2024, Canva, kamfanin manhajar zane na ƙasar Ostareliya, ta sayi Serif. Har yau kuwa akwai masu riƙe da tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗaki, ba don komai ba sai don CraftArtist ta buɗe musu shafukan da suka yi shekaru suna haɗawa.