Kumburin ƙafa ba a ƙafa yake farawa ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Idan Bahaushe ya ce ciwon zuciya ya kama wane, galibi baƙin ciki yake nufi: kaya sun ƙone a kasuwa, ɗa ya kangare, ko kishiya ta hana sakat. Idan kuma likita ya ce ciwon zuciya, tsokar nan yake nufi wadda ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, mai bugawa wajen sau dubu 100 tsakanin safiyar yau da ta gobe. A kan na likitan za mu yi magana yau, domin mutanenmu da yawa tsakanin ma'anonin nan biyu suke faɗawa. Ana ta ba su haƙuri, alhali awo suke bukata.

Ina da maƙwabci a nan Garwa, arewacin Kamaru, dattijo mai sayar da yadi a babbar kasuwa. Da daminar bara takalminsa ya daina shigarsa, aka ce sanyi ne. Sai tafiya masallaci ta zama aiki, sai ya tsaya sau biyu a hanya yana dafe da katanga. Dare kuwa ya gagara, da ya kwanta sai tari da haki su tashe shi. Aka ce asma ce, aka sayo magani wajen mai tebur. Wata ta ce daji ne, aka kira wanzami ya yi ƙaho. Wata huɗu ana wannan kewaye kafin 'ya'yansa su ɗauke shi zuwa asibiti, ni ma na bi su.

Likitan matashi ne, bai kai ɗansa na fari ba. Bai fara da na'ura ba, tambaya ya fara yi. Ya ce, "Baba, filo nawa kake ta da kai da shi da dare?" Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wane filo? Yau wata biyu a zaune nake barci." Likitan ya danna babban yatsa a ƙwaurinsa, ya ɗaga, rami ya zauna kamar an danna ƙullun fanke. Ya dubi jijiyar wuyansa, ta cika ta miƙe. Ya saurari bayansa, sannan ya ɗaura masa abin awon jini a dantse: 190 bisa 110. Ma'aunin da ake kira hawan jini, wanda mu nan muka fi sani da tansiyo, yana farawa ne daga 140 bisa 90 idan an auna a ranaku biyu daban. Tsohon nan bai taɓa aunawa ba a rayuwarsa, domin a cewarsa kansa bai taɓa ciwo ba. To ai hawan jini ba ya sallama.

Daga nan aka manna masa wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, takarda ta fito da zane kamar haƙoran zarto. Ya tsorata, ya zaci wuta za a sa masa. Babu wutar da ke shiga jiki, na'urar ce take karanta 'yar wutar da zuciya take yi da kanta. Sai aka shafa masa wani ruwa mai yauƙi a ƙirji, aka ɗora irin na'urar da ake duba masu juna biyu, muka ga zuciyarsa a allo tana motsi. Ta faɗaɗa, tana matsawa da ƙyar kamar hannun da ya gaji da tatsa. Shekara da shekaru tana tura jini cikin jijiyoyin da suka ƙi sakewa, har ta sare. Famfo in ya yi rauni ruwa baya yake komawa, ya taru a huhu ya zama haki, ya sauka ƙafa ya zama kumburi.

Labarinsa ba baƙo ba ne. A 2012 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da Kamaru, kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, wato masu ciyar da gida, ba tsofaffi tukuf ba kamar yadda aka fi gani a Turai. Kusan rabinsu hawan jini ne ya kai su, toshewar jijiyar zuciya kuwa, wadda ta fi addabar Turawa, ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Wannan magana ce mai daɗi da ɗaci. Abin da ya fi sa zuciyarmu gazawa abu ne da ƙaramin asibitin ƙauye zai iya ganowa cikin minti biyar, amma sai ya ci rabin mutum muke zuwa.

Magani akwai shi, kuma ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Akwai furosemide, wanda a kantin magani aka fi sani da Lasilix, mai fitar da ruwan da ya taru. Akwai amlodipine mai sassauta jijiyoyi, akwai irin su captopril da enalapril masu rage wa zuciya nauyi. Inda gizo ke saƙar shi ne mun ɗauki maganin hawan jini kamar na zazzaɓin cizon sauro: a sha kwana uku, a ji sauƙi, a ajiye. Wannan ba ya ƙarewa. Ranar da ka ji garau, maganin ne yake aiki. Na sha jin dattawa suna cewa sun bar Lasilix domin yana karya musu alwala, fitsari ba ƙaƙƙautawa. To a gaya wa likita mana, ai shi ya sa ake son a sha shi da safe. Wanda captopril ya sa wa busasshen tari, akwai madadinsa, mai ciki kuwa ba ta shan sa sam. Ruwan folere, wato zoɓo, da tafarnuwa ba laifi ba ne, amma ba za su riƙe 190 ba. Sannan ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan acaba da masu dako suke haɗiya kamar gyaɗa, irin su diclofenac, suna riƙe ruwa a jiki, suna ta da jini, suna gajiyar da ƙoda. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi da yajin soya.

Yanzu bari in taɓa inda na san za a yi mini ca. Maganar maijego.

Akwai gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka fi ganin ta a duniya. A wasu asibitocin arewacin Najeriya an ƙirga wajen mace ɗaya cikin haihuwa ɗari. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ɗora zargi kan wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Mu nan kanwa ba ta yi mana nisa ba, daga yankin tafkin Cadi take saukowa. Sai dai binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta bai sami al'adun nan a matsayin tushen cutar ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da rashin abin hannu, da rashin karatu, da hawan jini lokacin goyon ciki. Saboda haka ba zan zauna a nan in zagi kakanninmu ba. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta son kowannensu. Abin da ya fi damuna shi ne fassarar da muke yi wa alamun. Maijego ta kumbura, sai a ce jego ya karɓe ta, ta yi kyau. Tana haki in ta ɗauki tulu, sai gwaggo ta ce, "Ke dai raki gare ki, mu da muka haifi goma fa?" Iya, gwaggo, don Allah idan 'yarku ba ta iya kwanciya sai a zaune, ko ƙafarta na lotsawa, kada a jira arba'in. Da yawansu zuciyar tana farfaɗowa idan an fara magani da wuri. Kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya sake duba zuciyar, wannan kuwa magana ce da maigida ya kamata ya ji da kunnensa.

Bayan na hawan jini da na maijego, ciwon zuciya na uku yana farawa ne daga maƙogwaron yaro. Wata ƙwayar cuta ce ke sa ciwon wuya da zazzaɓi, mu kuma sai mu nufi wanzami a cire beli. Bayan mako biyu ko uku gaɓoɓi su kama ciwo, a ce sanyin ƙashi ne. A ɓoye kuwa garkuwar jikin yaron ta juya tana cin ƙyauren da ke cikin zuciyarsa, mai hana jini komawa baya. Penisilin da aka ba shi tun yana ciwon wuya zai iya tare wannan duka. Wanda cutar ta riga ta taɓa, allurar penisilin ce duk mako uku ko huɗu, shekaru a jere. In an yi sake ƙyauren ya lalace, sai tiyata.

Tiyatar kuma a ina? Cibiyar zuciya da ta fi suna a ƙasar nan ita ce ta Shisong a Kumbo, jihar Arewa maso Yamma, wadda aka buɗe a 2009, kuma rikicin da ya ɓarke a yankin tun 2016 ya sa hanyar ta yi wuya. Saura Yawunde da Duwala. Mutumin Kusuri ko Marwa sai ya wuce Garwa, ya kai Ngaundere, ya kwana cikin jirgin ƙasa, da marar lafiyar da ko kwanciya ba ya iyawa. In an sa wa yarinya ƙyauren ƙarfe, za ta sha maganin tsinka jini har ƙarshen ranta, da gwajin jini a kai a kai, gwajin da ba kowane gari ake yin sa ba. Wani injiniya ɗan ƙasar nan, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, allon da ke ɗaukar zanen bugun zuciya a ƙauye ya aika wa ƙwararre a birni ta layin waya, har ya ci kyautar Rolex a 2014. Dabara ce mai kyau. Tambayata ga masu riƙe da harkar lafiya a jihohinmu uku na arewa ita ce, a ƙananan asibitoci nawa ake auna jinin duk baligin da ya shigo, ko da ƙaya ce ta kawo shi? Masu hannu da shuni da ke raba shinkafa da azumi, abin awon jini guda a ƙofar masallacin Juma'a da ma'aikacin jinya ɗaya bai fi ƙarfinku ba.

Abu ɗaya kuma ba ya jiran gobe. Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora dutse, da gumi, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba, kada a ce ulsa ce a kawo madara. A nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Maƙwabcin nawa ya koma kasuwa, amma yaransa ne ke ɗaga bandir ɗin yadi, shi yana zaune yana ciniki. An raba masa tukunyar miya, yana ta mitar cewa lami ce. Ƙwayoyinsa uku suna cikin aljihun gaba tare da carbi. Shekaranjiya na gan shi ya dawo daga sallar asuba da takalminsa na da, bai tsaya a katangar ba.