Sharhi: Samarin da ke yashe mana kwata

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan samarin unguwa ne, waɗanda duk Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe da ake tsayar da zirga-zirga a Kano saboda tsaftar muhalli, suke fitowa da shebur da manjagara da baro, lokacin da da yawanmu ke ƙara jan bargo.

Wancan watan na tsaya na kalle su a layinmu. Yaro ya naɗe wando ya faɗa lambatu, baƙin ruwa har gwiwa, ba rambut ba safar hannu sai silifas, in ya ɗago shebur ɗaya sai ka ga ledar fiya wata da robar lemo da famfas ɗin jarirai duk sun cure da yashi, ga wari ga fasassun kwalabe, kuma wallahi ba wanda ya ba su ko sisi, wata dattijuwa ce ma ta aiko musu da koko da ƙosai. Allah Ya yi musu albarka. A zamanin WAI, wato shirin yaƙi da rashin ɗa'a, lokacin Buhari da Idiagbon, wajen 1985, tsoron soja ke fito da mutane shara. Su waɗannan kishin unguwa ne ya fito da su.

To amma ga inda abin ke ci min rai. An yashe kwata, an tula dagwalon a bakinta, shi ke nan kowa ya watse. Sati guda yana nan, kaji su tone, adaidaita ta bi ta kai, ruwan sama na sauka ya koma inda aka ciro shi, aikin baban giwa kenan. Kuma mun ga abin da toshewar magudanar ruwa ke yi, 'yan Kantin Kwari ba za su manta daminar 2022 ba da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfofi da shaddodi. Motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ba za ta iya shiga kowane lungu ba, don haka ranka ya daɗe mai unguwa, tun kafin ranar a ware wurin tarawa a bakin titi, a sanar da hukumar, magidanta su yi karo-karo a ɗauki hayar kura a fitar da shi a ranar.

Sannan iyayenmu mata, gyaran daga tsakar gida yake farawa. A rataye buhu ɗaya na roba da gwangwani da ƙarfe, 'yan jari bola na saye, robar nan ita ake niƙawa ta dawo mana bokiti da buta. Toka da ɓawo da kashin awaki kuwa taki ne, tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke ɗibar sharar birni a mangala su kai gona, leda ce ta zo ta ɓata musu ita. Ku tambayi mahauta irin ledar da suke cirowa daga tumbin saniya.

Masu hali na unguwa kuma, don Allah kafin Asabar ɗin ƙarshen watan nan a saya wa yaran nan rambut da safar hannu, ko guda goma ne. Na ga ɗayansu washegarin aikin wancan watan yana ɗingishi, ƙafa a ɗaure da tsumma, kwalba ce ta yanke shi.