Amsoshin Tambayoyinku: Wane makarin gwiwa ya dace da mai hawan keke a duwatsu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk a kan abu ɗaya suka taru, wato makarin gwiwa, wannan da masu hawan keke a duwatsu da kwazazzabai ke ɗaurawa don kada faɗuwa ta yi musu illa.

Kafin mu buɗe ta farko, bari in ɗan yi wa wanda bai san wasan ba shimfiɗa. Hawan keke a duwatsu ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, lokacin da wasu samari suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu faɗin taya. A 1990 aka yi gasar duniya ta farko a garin Durango na jihar Kolorado, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A nan Afirka akwai babbar gasar Cape Epic da ake yi a Afirka ta Kudu tun 2004. Wanda duk ke wannan wasa ya san faɗuwa ba ta tsallake kowa, kuma bayan tafin hannu, gwiwa ce ke riga sauran jiki isa ƙasa.

Wasiƙarmu ta farko daga wani matashi take a Jos. Ya ce yakan fita da abokansa wajen duwatsun Shere a ƙarshen mako. Ya sayi makarin gwiwa da tsada, amma da ya fara taka feda sai ya zame ya sauko ƙwauri, ga shi yana goge masa bayan gwiwa har fata ta saluɓe. Yanzu yakan cire ya rataye a kan keken. Tambayarsa ita ce, na wane kamfani zai saya wanda ba zai yi masa haka ba?

To ɗan'uwa, mun gode da wannan wasiƙa. Ni dai ban ga laifin kamfani a nan ba, awo ne bai yi daidai ba. Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne ratayewar nan da kake yi. Ranar da taya za ta zame a kan tsakuwa ba za ta yi maka sallama ba, balle ka ce bari in sauka in ɗaura. Shi ya sa daɗin sawa ba ƙaramin zance ba ne, shi ne ke sa makarin ya kasance a gwiwarka a lokacin da ake bukatarsa.

Ka lissafa da kanka. Mai taka feda sau 80 a minti ɗaya, gwiwarsa na lanƙwashewa ta miƙe sau 4,800 a awa guda. Ɗan ɗinkin da ya tokare ka kaɗan a shago, wanda ka ce ba komai, shi ne zai goge fatarka sau dubbai kafin ka dawo gida, ga gumi ga ƙura.

Saboda haka ka nemi tef ɗin tela. Ka tsaya a miƙe, ka auna kaurin cinyarka a saman ƙoƙon gwiwa. Kamfanoni da yawa suna cewa a auna santimita 10 daga tsakiyar ƙoƙon, wasu kuma sukan ce a ƙara hawa sama, don haka ka duba abin da masu kayan suka rubuta a jikin kwalinsu. Sannan ka auna sha-raɓarka a inda ta fi kauri. Waɗannan lambobi biyu za ka riƙe a aljihu, ka manta da zancen "ai ni babba nake sawa", domin babban wannan kamfani yana iya zama matsakaicin wancan. Ka auna ƙafafun duka biyu, ba lallai su zo daidai ba.

Idan ka samu damar gwadawa kafin ka biya, kada ka tsaya ƙiƙam gaban madubi. Makari mai kyau a ɗan lanƙwashe ake ɗinka shi, daidai da yadda gwiwa take a kan keke, don haka a tsaye yana iya yi maka wani iri, a zaune kan sirdi kuma ya kwanta luf. Ka tsuguna ka miƙe sau da yawa. Ka hau matakala. In akwai keke a kusa ka taka shi na 'yan mintuna. Sai ka sa tafin hannu ka tura makarin gefe da ƙarfi, ka kuma tura shi ƙasa. In ya bar ƙoƙon gwiwa a buɗe da turin hannu kawai, to dutse ma zai ture shi. In kuma ka ji ƙafarka ta fara tsami, ko yatsu sun yi sanyi, ko ya bar maka zane mai zurfi a fata, ya matse fiye da ƙima.

Ka juya shi ka dubi bayansa. Nan ne matsalarka take. Wajen lanƙwasar gwiwa ana son yadi marar kauri mai ƙananan huji, ko ma a bar wurin a buɗe, kuma kada ɗinki mai tudu ya ratsa ta nan. Ka dubi bakinsa na sama ta ciki, za ka ga layin roba mai kama fata, silikon ke nan, shi ke hana zamewa. Makarin da ya yi tsawo ya hau cinya sosai ya fi zama wuri ɗaya a kan guntu. Kuma a kan fata ake sa shi, wando ya biyo ta sama. Duk wanda ya ɗora shi a kan dogon wando, zamewa zai yi ta yi, ko da na wane kamfani ne.

In awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, ni ƙaramin nake ba da shawara, matuƙar bai hana jini gudu ba, domin yadin roba sakewa yake yi da amfani.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wani malami a Damagaram, Jamhuriyar Nijar. Ya ce ya ga iri biyu, akwai mai ƙoƙon roba mai tauri a gaba, akwai kuma mai laushi da ake zurawa ta ƙafa. Zuciyarsa ba ta kwanta da mai laushin ba. Yaya abin da yatsa ke lotsawa zai kare mutum daga dutse? Ya kuma ce a tuna da zafin garinsu.

Malam, tambayarka ta yi ma'ana. Ka san gasarar koko idan ta kwanta a ƙasan roba? Ka sa yatsa a hankali sai ya nutse, ka buga da sauri sai ka ji ta ƙanƙame. To irin wannan hali ne da abin da ake sawa cikin makarin zamani. Yana bin lanƙwasar gwiwa yayin da kake tafiya, amma da bugu ya zo farat ɗaya sai ya taurare, ya baza ƙarfin bugun, sannan ya koma yadda yake. Wanda ya fi suna shi ne D3O, na wani kamfanin Ingila, mai launin ruwan lemo. Akwai SAS-TEC na Jamus, kamfanin POC na Suwidin yana da nasa mai suna VPD, haka ma Leatt na Afirka ta Kudu yana yin nasa makarin.

Amma kada ka dogara da suna ko launi, domin jabu ma ruwan lemo ake yi masa. Ka nemi wannan rubutu a jikin kayan: EN 1621-1. Ma'aunin Turai ne da aka kafa don kayan kariyar masu babur, masu ƙera na keke suka ɗauka. Yadda ake gwajin shi ne, a saki ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kimanin mita 1 a kan makarin, a auna ƙarfin da ya ratsa ya isa ƙasa. Idan matsakaicin abin da ya ratsa bai wuce kilonutan 35 ba (kilonutan ma'aunin ƙarfin bugu ne), ya ci mataki na 1. Idan bai wuce 20 ba, mataki na 2 ke nan, wanda ya fi kariya, sai dai galibi ya fi kauri da zafi. Za ka ga harafin K, ma'anarsa na gwiwa ne. Za ka kuma ga A ko B, B ɗin ya fi rufe wuri mai faɗi.

Akwai wata alama da ta shafe ku kai tsaye, ku mutanen Damagaram da Maraɗi da Sakkwato da Maiduguri. Soson nan na cikin makari mai laushi yana ƙara laushi a zafi, yana ƙara tauri a sanyi. Idan ka ga T+ a jikinsa, an gwada shi a zafin digiri 40 ya ci. T- kuma na sanyin digiri 10 ƙasa da sifili ne, wannan bai dame mu ba. A garin da bazara ke haura digiri 40, T+ ba ado ba ne. Shi kuma ɗan'uwanmu na Jos, in ya ji makarinsa ya yi tauri da asubar hunturu kada ya tsorata, ɗumin jiki zai sassauta shi cikin 'yan mintuna.

Wanne za ka zaɓa? Ya danganta da inda kake hawa. Mai ƙoƙon roba yana da fa'ida guda da ba a musun ta: a kan dutse mai kaifi yana sulɓewa maimakon ya kama, kuma tsini ba ya huda shi da sauƙi. Masu gangarowa daga tsauni da gudu, waɗanda mota ko lilon waya ke kai su sama, su ya dace da su. Amma wanda zai yi awa biyu ko uku yana taka feda a hanyar burji da yashi da 'yan duwatsu, a cikin rana, mai laushi marar nauyi na mataki na 1 ya fi masa. Na fi son in gan ka da shi tun fita har dawowa, da in ji ka sayi mai sulke ka bar shi a gida saboda zafi. Ka dai duba a samu 'yan soso a gefe da gefe, domin sau da yawa ƙarfen keken kansa ne ke bugun gefen gwiwa.

Wasiƙa ta uku daga wata uwa ce a Kaduna. Ɗanta yana da shekara 12, ya ƙwallafa rai a kan wannan wasa. Ta ce ta ga makari a gwanjo, ya ɗan yi masa yawa, tana tunanin ta saya tunda yaro girma yake yi.

Hajiya, Allah ya raya mana shi, kuma madalla da kika tsaya masa. Amma a nan ba zan goyi bayan sayen mai yawa ba. Riga da takalmi a saya da rara, babu laifi. Makarin da ya yi yawa kuwa juyawa yake yi, yaro ya faɗi gwiwa ta sha ƙasa, alhali shi yana ganin a kare yake, har ya ƙara ƙarfin hali. Ki nemi mai maɗauri sama da ƙasa, wanda ake ƙara matsewa ko a sassauta, shi zai ɗan bi shi zuwa wani lokaci.

Gwanjo ba haramun ba ne a wannan harka, in an duba da kyau. Ki ja bakin robar ki saki, in bai koma da ƙarfi ba ya mutu. In soson na fita, ki zaro shi ki lanƙwasa a haske. Kin ga tsaga, ko ya bushe yana marmashewa, ko wani wuri ya lotsa bai taso ba, ki ajiye musu kayansu. Ki kuma lura, a tulin gwanjo ana haɗa na masu ƙwallon raga da na masu shimfiɗa tayil, waɗannan soso ne kawai na durƙuso, ba a yi su don bugun dutse ba. Sannan in kuɗin na abu ɗaya ne, hular kwano ce farko, sai safar hannu da makarin gwiwa su biyo baya.

Wani mai sauraro daga Kumasi ya aiko da gajeren saƙo, ya ce nasa wari yake yi. Ɗan'uwa, gumi ne. Ka zare soson in yana fita, ka wanke yadin da hannu, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ka shanya a inuwa. Kada ka goge da dutsen guga, kada ka bar shi a but ɗin mota rana ta gasa shi. Gishirin gumin da ya bushe a yadi ma yana cikin abin da ke goge fata.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Zariya, wanda ya koma hawan keke bayan ya yi ritaya. Ya ce gwiwarsa na ciwo bayan kowace fita, ko makari zai yi masa magani?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ba zai yi ba. Aikin makari tare bugu da ƙujewa ne daga waje. Ba ya hana gwiwa murɗewa, ba ya kare jijiyoyin da ke cikinta, ba ya kuma warkar da ciwon da ke tasowa daga ciki. Abin da zan roƙe ku ku fara dubawa shi ne tsayin sirdi. Ku zauna a kai, ku jingina da bango, ku ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da kun karkata ƙugu ba. Idan kuka mayar da gaban ƙafa kan fedar, za ku ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to nan ne daidai. Sirdin da ya yi ƙasa yakan jawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama da yawa kuma a bayanta. Ku kuma riƙa sauka zuwa giya mai sauƙi a hawan tudu, ƙafa ta yi ta juyawa maimakon a danna da ƙarfi. In kun gyara waɗannan ciwon bai lafa ba, ko gwiwar na kumbura, ko tana ƙagewa, ko kuna jin kamar za ta zame, to ku ajiye keken tukuna ku je asibiti a duba ku.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wanda zai rubuto a kan wannan batu, ya haɗa da awon cinyarsa da na sha-raɓa da irin hanyar da yake bi, don amsar ta fi dacewa da shi. A huta lafiya.