Sharhi: Shaidar Ambaliya a Duwatsun Duniyar Mars

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau za mu leƙa duniyar Mars, inda ko cokali guda na ruwa ba zai iya kwanciya a doron ƙasa ba. Kaurin iskarta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, matsakaicin sanyinta kuwa ya kusa digiri 60 ƙasa da sifili. Duk ruwan da aka zuba, ko ya daskare ko ya bi iska. Duk da haka, shaidu sun taru cewa fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce, koguna sun gudana a can, tafkuna sun cika, ambaliya kuma ta yi ɓarna.

Tun 1972 kumbon Mariner 9 na Amurka ya aiko da hotunan kwaruruka masu rassa irin na koguna. Sai dai hoto daga sama bai kashe gardama ba, don wasu masana sun ce narkakken dutse ma yana iya yanka hanya irin wannan. Gani ya kori ji, sai da aka sauka.

A 2012 na'urar Curiosity, wata motar bincike mai sarrafa kanta, ta sauka a wani makeken rami mai suna Gale, ta tarar da tsakuwa mulmulallu manne cikin dutse. Iska ba ta iya ɗaukar tsakuwa mai girman haka. Ruwa ne ya yi ta gangara da su, suna gugar juna har kaifinsu ya tafi. Daga girmansu masana suka ƙiyasta cewa zurfin rafin yana tsakanin idon sawu da ƙugun mutum.

Shaidar da ta fi ratsa ni ita ce ta ramin Jezero, mai faɗin kilomita 45, inda wata motar binciken mai suna Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairun 2021. A can akwai wurin da tsohon kogi ya shiga tafki ya zube yashi da laka har suka taru suka zama tudu. Da aka ɗauki hoton gefen tudun, sai aka ga daga ƙasa shimfiɗu ne na yashi mai laushi, ɗaya bisa ɗaya, alamar ruwa mai tafiya a natse. Can sama kuma sai ga manyan duwatsu, wasu sun kai mita ɗaya da rabi, waɗanda ba 'yan asalin wurin ba ne. Ruwa mai tsananin ƙarfi ne ya jawo su daga nisan kilomita da dama. Wato a tudu ɗaya an ga zamanin kogi mai hankali, an kuma ga lokacin da al'amari ya rikice.

Akwai alamun ambaliyar da ta fi wannan girma nesa ba kusa ba. Kwarin Kasei ya zarce kilomita 1,500 a tsawo, kuma masana da yawa na ganin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da ƙanƙara ta danne ya ɓalle lokaci guda ya yanka shi.

To amma a ganina, duk da ambaliya ce ke jan hankalin jama'a, laka ta fi ta muhimmanci. Ambaliya ta zo ta wuce ne. Abu mai rai kuwa ruwa mai zama yake buƙata. A 2013 Curiosity ta haƙa busasshiyar laka a gindin tsohon tafkin Gale, ta gano ruwan ba mai tsami ba ne, gishirinsa bai yi yawa ba, kuma akwai sinadaran da ƙwayoyin halitta ke rayuwa da su. A lura fa, babu wanda ya tabbatar da an taɓa rayuwa a can. Abin da aka tabbatar shi ne wurin ya dace da ita.

Ina ruwan ya tafi? Kumbon MAVEN da ya isa a 2014 ya nuna yadda guguwar da ke fitowa daga rana ke kwashe iskar Mars, tun da Mars ɗin ta rasa ƙarfin maganaɗisun da ke zame mata garkuwa. Wani kason ruwan ya salwanta a sarari, wani ya daskare, kamar ƙanƙarar da na'urar Phoenix ta tono a 2008.

Abin da ke damuna shi ne, Perseverance ta riga ta ɗura samfurin laka da duwatsun Jezero cikin ƙananan bututu ta rufe, amma tsadar aiki ta sa shirin ɗauko su ya yi ta tangal-tangal. Kayan binciken da ke jikin na'urar ba za su iya yanke hukunci kan batun rai ba, sai manyan ɗakunan bincike na duniyarmu. An kashe dukiya da shekaru kafin a cika bututun nan, bai kamata a bar su yashe ba. Ko da ƙasashe za su haɗa kuɗi ne, a je a ɗauko su.