Me yaro ke koyo a ajin CI da CP? Mu leƙa lakwal a Tawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi ɗan allon nan da ke hannun yarinyar nan. A lakwal, wato makarantar boko, ardwaz ake ce masa. Shekararta bakwai, tana ajin CI, wato ajin farko na firamare, a wata makarantar gwamnati cikin garin Tawa, kuma abin da ta zana da alli bai kai harafi ba tukuna: sanduna ne a tsaye, sai ƴan zagaye kamar ƙwan zabo. Idan mahaifiyarta ta gani, tana iya cewa: wata biyu ana zuwa boko, wannan ne kawai? Ko babanta da ke ci-rani a Abijan ya bugo waya ya tambaya, ta fara karatu kuwa? Saboda iyaye irin waɗannan muka shirya bidiyon yau.

Firamare a Nijar shekara shida ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Yaro yana shiga yana da shekara shida ko bakwai, ana buɗe makaranta a watan Oktoba, a rufe wajen Yuni. Mu yau aji biyun farko za mu duba, domin a kansu sauran huɗun suke zaune.

Karatun yana somawa tun kafin a shiga aji. Da safe yara suna jeruwa a fili, a ɗaga tuta, mai ruwan lemo da fari da kore, da zagayen rana a tsakiya, a rera taken ƙasa, wanda aka sauya a 2023. Bayan nan mushe ko madam, wato malami ko malama, ta bi layi tana duba farce da fuska da kai. Yaron da a gida yake shiga ko'ina da gudu, a nan zai koyi tsayawa a layi, ya jira har a kai kansa, ya ɗaga yatsa kafin ya buɗe baki. A jadawalin makaranta wannan yana cikin darasin tarbiyya da zama ɗan ƙasa, kuma watannin farko rabin aikin malama ke nan.

Yanzu mun shiga ciki. Ku saurara. Madam ta ɗaga alli ta faɗi sunansa da Faransanci, yara kusan duka suka maimaita da ƙarfi. Ta kira yara biyu gaba, ɗaya ya gai da ɗaya, ya tambaye shi sunansa. Wannan darasin magana ne zalla, babu rubutu. Kuma a nan babbar matsalar take. Yaron Faransa yana zuwa makaranta da harshen da ya sha a nono, abin da ya rage masa shi ne ya ga yadda ake rubuta kalmomin da ya riga ya sani. Yarinyarmu kuwa Adaranci take ji, wani abokinta Tamajak, wata Fulatanci. An ɗora mata kaya biyu a lokaci guda: ta koyi sabon harshe, ta kuma koyi karatu cikin wannan harshen da ba ta ji.

Hukuma ta daɗe da sanin haka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa sannan Faransanci ya shigo sannu a hankali. Dokar ilimi ta 1998 ta tanadi a koyar da ƙananan yara da harshen uwa, Faransanci ya zama darasi daga cikin darussa. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya sanya Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma abin da ke takarda daban, abin da ke aji daban. Har yanzu makarantu da yawa da Faransanci suke farawa, kuma malama mai tausayi ita ce wadda ba ta jin kunyar ta juya ta yi bayani da Hausa idan ta ga idanun yara sun yi zuru.

Mu koma kan sandunan nan da zagayen. Hannun yaro ɗan shekara shida bai saba riƙe alli ba. Sai ya koyi ja daga sama zuwa ƙasa, ya rufe zagaye, ya tsaya kan layi. Sanda ɗaya da ɗigo a kanta ta zama i. Zagaye ya zama o. Zagaye da sanda a gefe ya zama a. Ga wani abu da mutane ba su cika lura ba: yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo, kuma can daga dama ake farawa a tafi hagu. A boko sai a ce su juya. Saboda haka idan kika ga ɗanki ya soma rubutu daga dama, ko ya juya harafi baya, kada ki ce daƙiƙi ne. Rubutu iri biyu yake ɗauka a lokaci ɗaya, kuma da sannu hannun zai rarrabe. Makarantar allon ma ta ba shi wani jari: ya riga ya san cewa alama a kan allo tana da sauti, ya kuma saba da hadda.

Bayan wasula sai baƙaƙe, sai haɗawa: m da a, ma; l da i, li. Ranar da yaro ya gane cewa shi da kansa zai iya haɗa biyu ya fitar da kalmar da ba a taɓa karanta masa ba, ranar ce ya fara karatu. Kafin nan hadda ce kawai. Faransanci kuwa ba ya sauƙaƙa masa. Sautin o kaɗai ana rubuta shi da o, da au, da eau. Akwai haruffan da ake rubutawa a ƙarshen kalma ba a furta su. Akwai sautukan da babu su a bakinmu, kamar v, da u irin tasu, da wasulan da ke fita ta hanci. Da Hausa kuwa, kusan abin da ka faɗa shi ne ka rubuta, shi ya sa yaron da ya fara da harshensa yake saurin kama dabarar, sannan ya ɗauke ta ya kai wa Faransanci.

Lissafi shi ne inda ni kaina na fi son in tsaya. Ku dubi ƙullin da ke cikin jakar yarinyar nan: guntayen karan gero ne da aka yanka daidai, wasu yaran kuma tsakuwa suke kawowa ko murafen kwalba. Da su ake ƙirga. Uku a nan, biyu a can, a haɗa, biyar. Idan kara ya kai goma a ɗaure shi dami guda. Dami ɗaya da kara uku, 13 ke nan, kuma yanzu ta ga dalilin da ya sa 1 ɗin da ke gaba ya fi 3 nauyi. Wanda ya gane damin nan da hannunsa, ba zai sha wuya ba ranar da aka zo lissafin ajiya da aro. A CI ƙananan lambobi ake juyawa, a CP a doshi ɗari.

To amma yarinyar nan ta iya lissafi tun kafin ta ga ƙofar lakwal. Ki ba ta dala ashirin ki aike ta sayen magi na dala biyar, za ta dawo miki da canjin dala goma sha biyar, ko dala ba za a cuce ta ba. Sai dai kuɗin da take kira dala ashirin, 100 aka rubuta a jikinsa. Wanda take kira dala biyar, 25 ne. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, kowace dala tamma biyar ce, wato sefa biyar, makaranta kuma da tamma ɗai-ɗai take ƙirgawa. A aji lissafin nata zai zama 100 a cire 25, saura 75, kuma Bafaranshe idan zai faɗi 75 cewa yake sittin da goma sha biyar, 80 kuma ashirin huɗu. Kun ga inda yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya rikicewa, a ɗauka bai iya ba? Malamin da ya fara daga dalar da yaro ya sani ya kai shi ga lambar da ke jikin kuɗin, ya yanke masa rabin tafiya.

Ku ji wannan bugun. Madam ta faɗi tambaya, ta bugi tebur, kowa ya rubuta. Ta sake bugawa, alluna duka suka tashi sama. Da kallo ɗaya ta san wa ya gane, wa ya kwafi na maƙwabcinsa, wa ya bar allonsa fayau. A ajin da yara suka cika maƙil, wannan ita ce hanya mafi sauri da take ganin kowa. Shi ya sa ardwaz da alli ba ƙananan kaya ba ne; yaron da ya zo babu su, ranar kallo kawai ya zo.

Sauran darussan suna zagaye da waɗannan. Waƙa da hadda suna gyara furuci. Zane yana sake hannu. Wasan motsa jiki a fili yana koya dama da hagu, gaba da baya. Ana koyon sassan jiki, da kwanakin mako, da wanke hannu da sabulu, da dalilin rufe randa, da kwana cikin gidan sauro. Akwai kuma ayyukan hannu: shara, mulmula laka, ba wa ɗan itacen da aka dasa a farfajiya ruwa. A ƙasar Adar, inda mutane suka sha aikin farfaɗo da faƙo da jera duwatsu, yaron da aka damƙa wa bishiya guda ya raine ta ya san abin da yake yi.

Ba za mu ɓoye ba, sakamakon yana da nauyi. Binciken PASEC, mai auna ƙwazon ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, na 2014 ya samu cewa kusan yara 9 cikin 10 na ajin CP a Nijar ba su kai matakin da ake nema a harshe ba. Na 2019 ya nuna ci gaba mai yawa, amma har lokacin fiye da rabi suna ƙasa da matakin. Cikin dalilan akwai lokacin da ke zubewa. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an yi girbi an samu kara, wani wurin sai a ci makonni kafin a fara. Ga hunturu, ga zafin Afrilu, ga ranar kasuwa da ake tsayar da yarinya talla. Babba idan ya rasa mako guda zai cike giɓin. Ɗan CI idan ya rasa makon da aka koyar da wani sauti, duk kalmar da ke da sautin ta rufe masa.

Iyaye, ko ba ku yi boko ba, kuna da hannu a ciki. Ku je taron kwamitin makaranta, ku tambayi madam kai tsaye inda ɗanku yake tuntuɓe. A gida kuma, maimakon ku ce ya karanta shafin jiya, wanda ƙila ya haddace, ku sa yatsa a tsakiyar shafi ku ce wannan fa? Ku ce ya faɗa muku da Hausa abin da waƙar da yake rerawa take nufi.

Ga yarinyarmu nan bayan magariba, a kan tabarma, ƙanenta yana haska mata da fitilar waya. Inna ta zube albasa bakwai a faifai, ta kwashe uku, ta ce: "To ƴar boko, saura nawa?" Ta ƙirga da yatsa, ta ce huɗu, ta jawo ardwaz ta rubuta 4, ta ɗaga shi sama da hannu biyu kamar yadda ake yi wa madam.