Lacca: dawa ma ƙirga dare take yi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina ko? To madalla.

Manoman cikinku zan fara yi wa tambaya. Ka shuka kaura farkon Yuni, maƙwabcinka bai samu shuka ba sai bayan sati uku, amma kaka na matsowa sai ka ga kusan tare suka fidda kai, naka dai kara ya fi tsawo kawai. To wa ya gaya musu lokaci ya yi?

A 1920 wasu masana biyu a ma'aikatar noma ta Amurka, Garner da Allard, suka gano bakin zaren. Wata taba ce ta dame su, Maryland Mammoth, tai ta tsawo tai ta ganye ba fure har sanyi ya zo ya kashe ta. Sai suka riƙa kwashe tukwanen suna kaiwa ɗaki mai duhu tun rana ba ta faɗi ba, da safe su fito da su, aikuwa sai ga fure. Daga baya a 1938 aka gane ashe ba ranar take aunawa ba, daren ne, don ko haske kaɗan ka kunna mata tsakar dare shikenan ka ɓata mata lissafi.

Yau da wannan ake cin abinci fa jama'a. Masu furen Kirsimeti ɗin nan ja, poinsettia, baƙin yadi suke rufa masa kullum wajen awa 14 har sati da sati don ya yi ja daidai lokacin kasuwa. A Japan kuma ƙwan lantarki suke kunna wa wani furen da daddare don kar ya buɗe da wuri.

Amma ni abin da ke taɓa min zuciya namu ne. A Kano bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba, wallahi ɗan wannan bambancin dawarmu da maiwa ke ji, su yi bununi daidai ɗaukewar ruwa, ƙwaya ta nuna a bushe ba ruɓa. Kakanninmu ne suka zaɓo irin nan da hannunsu, zangarniya bayan zangarniya, dan Allah kar a raina shi.

Shi ya sa alhaji da ka ce ka kai tsohon irin wake fadama da rani ya tsugune ya yi fure tun yana ƙarami, ba taki ne ya gaza ba, dare ne ya yi masa tsawo. Na rani daban ake nema, irin da bai damu da tsawon rana ba.