Tokyo, Maris 1945: Yadda Gobara Ta Cinye Birni a Dare Ɗaya

Akwai wasu hotuna na wani birnin Japan da ya ƙone ƙurmus, waɗanda da yawa daga cikin masu ganinsu suke ɗauka Hiroshima ce, birnin da aka jefa wa bam ɗin nukiliya. Tokyo ce, a safiyar 10 ga Maris 1945, watanni biyar kafin a jefa wa Japan bam ɗin nukiliya. A wannan dare jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 kusan 300 suka taso daga tsibiran Guam da Saipan da Tinian bisa umarnin Janar Curtis LeMay, kuma kafin gari ya waye mutane tsakanin 80,000 da 100,000 sun riga mu gidan gaskiya, galibinsu fararen hula.

Inda ake rikicewa shi ne yadda aka yi wannan ɓarna ba tare da nukiliya ba. Akasarin mutanen nan gobara ce ta ci su. Bam ɗin da aka jefa ƙaramin bututu ne: sunansa M-69, cike yake da napalm, wato man fetur da aka kaurara har ya yi kamar kunu, wanda idan ya manne a jikin bango ko jikin mutum sai ya ci gaba da ci. Ana ɗaure 38 a dami ɗaya, damin ya watse a sama, su zubo kan rufin gidaje.

Yanzu ku dubi unguwar da aka nufa, wato Shitamachi da ke gefen kogin Sumida, inda talakawa ke zaune a cunkushe cikin gidajen katako da takarda. Jiragen sun sauko ƙasa sosai domin kada su kuskure, ga kuma iska mai ƙarfi tana kaɗawa, don haka dubban ƙananan gobara suka haɗe suka zama guda, tana gudu fiye da mai gudun ceton rai. Dokar ƙasar ma ta wajabta wa mazauna su tsaya su kashe wuta da bokitin ruwa, abin da a ganina ya ƙara yawan mamatan. Waɗanda suka tsere zuwa gadar Kototoi daga ɓangarori biyu na kogin sun yi cirko-cirko a tsakiya, wutar ta riske su a nan.

Kimanin murabba'in kilomita 41 ne ya ƙone, mutum kusan miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. Cikin kusan mako guda, an kai irin wannan hari kan Nagoya da Osaka da Kobe.